Naƙuda Ba Ta Jiran Ranar Zagaye: Nazari kan Shirye-shiryen Lafiyar Uwa da Yaro a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar

Tsakure

Wannan takarda ta dubi shirye-shiryen da hukumomi suka gudanar don kula da lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara a ƙasar Hausa. Ta dogara da alƙaluman binciken ƙasa da nazarce-nazarcen da aka riga aka wallafa, ta nuna cewa mutuwar yaran da suka haura wata guda ta ragu ƙwarai, amma mutuwar mata wajen haihuwa da ta jarirai 'yan kwanaki tana nan kusan inda take. Dalilin da takardar ta kawo shi ne, ayyukan da suka yi nasara su ne waɗanda ake iya sa wa rana a bi gida-gida, alhali abin da ke kashe mai naƙuda yana buƙatar asibitin da ke aiki tsakar dare. Daga nan ta auna tsarin haihuwa kyauta da shirin tura ungozomomi karkara, ta kuma nuna inda ya kamata kuɗin hukuma su nufa.

Gabatarwa



A shekarar 1985 wasu masana biyu na Jami'ar Columbia da ke Amurka, Allan Rosenfield da Deborah Maine, suka fitar da wata gajeriyar maƙala a mujallar likitoci ta Lancet, suna tambayar ina uwa take a cikin shirye-shiryen da ake kira na uwa da yaro. Ƙorafinsu shi ne, kusan duk abin da ake yi wa mai ciki a wancan lokaci don ɗan da ke cikinta ake yi, ita kuwa ko oho. A 1987 aka yi babban taro a Nairobi, aka ƙaddamar da yunƙurin haihuwa lafiya na duniya. An yi shekara arba'in da wannan tambaya, kuma a ganina har yau ba mu amsa ta ba a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram.

Ba wai ba a yi komai ba. An yi, an kuma kashe kuɗi masu yawa. Abin da nake so mu duba shi ne irin aikin da hukumominmu da masu tallafa musu suka gwanance a kai, da irin wanda ya gagare su, da kuma dalilin da ya sa uwa ta faɗa cikin kashi na biyu.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken lafiya da yawan al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa kusan duk bayan shekara biyar shi ne ma'aunin da aka fi dogara da shi a Najeriya. A 2003 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai, 201 ba sa kai shekara biyar. A 2008 adadin ya sauko 157, a 2013 ya koma 128, ya ɗan haura zuwa 132 a 2018, sannan binciken 2023 zuwa 2024 ya ba da 110. Har yanzu da yawa, amma an kusa rage rabi.

To, a ware jariran da ke mutuwa cikin watan farko. A waɗannan bincike biyar ɗin da na lissafa, adadinsu shi ne 48, 40, 37, 39, sai 41. Wato tun 2008 babu abin da ya motsa. Haka ma matan da ke rasuwa da ciki, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayanta: 545 cikin haihuwa 100,000 a 2008, 576 a 2013, sai 556 a 2018 idan an auna da ma'auni iri ɗaya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi haka muni, domin ta ce a 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu ta wannan hanya a Najeriya, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Waɗannan alƙaluman na ƙasa ne, kuma suna rufa wa Arewa asiri. A binciken 2018 yara 252 cikin 1,000 ne ba sa kai shekara biyar a jihar Kebbi, a Ogun kuwa 30. Kashi 39 cikin 100 na haihuwa ake yi a asibiti a faɗin ƙasa, amma a shiyyar Arewa maso Yamma kashi 16 ne kacal, duk da cewa fiye da rabin matan shiyyar suna zuwa awon ciki. A riƙe wannan giɓi tsakanin awo da haihuwa, zan dawo kansa.

Nijar ma haka labarin yake. Wani nazari da Agbessi Amouzou da abokan aikinsa suka wallafa a Lancet a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar ta sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009, raguwar kashi 43 cikin 100 a ƙasar da ke cikin mafi talauci a duniya. Amma marubutan da kansu sun ce mutuwar jarirai a watan farko ba ta yi wata raguwar a zo a gani ba.

Aikin da ake sa wa rana

Me ya ceci yaran Nijar? Nazarin ya ambaci gidan sauro mai magani, wanda shi kaɗai ya ɗauki kusan rubu'in rayukan da aka ceta, sai yaƙi da tamowa, da ɗigon bitamin A, da rigakafi, da kai yaro wurin malamin asibiti idan ya kamu da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon huhu. Gwamnatin Tandja Mamadou ta gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, ta kuma ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani daga 2006. Idan aka dubi jerin nan da kyau, yawancinsa abu ne da ake loda wa mota a kai ƙauye ranar da aka tsayar, ko kuma abin da ma'aikaci mai ɗan gajeren horo zai iya bayarwa da rana tsaka.

Misali mafi kyau a yau shi ne maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 don ƙasashen Sahel, inda zazzaɓin ke taruwa cikin watanni huɗu. An fara gwada shi a Katsina da wasu gundumomin kudancin Nijar a 2013. Tsarin ba shi da wuya. Ma'aikata biyu ne ke shiga gida da jaka da littafin rajista. Su tambayi yaran da ke tsakanin wata 3 zuwa wata 59, su narka ƙwayar farko da ta biyu a cokali, yaro ya sha a gabansu, su ɗan dakata ko zai yi amai. Su bar wa uwa ƙwaya biyu, ta gobe da ta jibi, su cika kati, su yi alama da alli a jikin bango, su wuce gida na gaba. Bayan kwana 28 su dawo. Gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama yaran, kuma a 2022 yara kimanin miliyan 49 aka bai wa a Afirka, kusan rabinsu a Najeriya. Ba ya buƙatar likita, ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya buƙatar maigida ya fito da ko sisi.

Da irin wannan tsari aka kori shan inna. An sha wahala: an dakatar da rigakafin a Kano a 2003 har tsakiyar 2004, an kuma harbe masu ɗigon a 2013. Amma da sarakuna suka shigo ciki ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi daga 2009, kowane mai unguwa ya san gidan da ya ƙi, sai ga shi a watan Agustan 2020 an ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Wani abu da ya kamata mu tuna daga shekarun gardamar shi ne tambayar da magidanta suka riƙa yi, wadda Elisha Renne ta tattara irinta a bincikenta na Zariya: me ya sa ake bin mu har gida da ɗigo kyauta, amma idan yaro ba lafiya muka kai shi asibiti sai a ce ba magani? An ɗauki tambayar a matsayin jahilci. Ni kuwa ina ganin mutanen sun gano bambancin da wannan takarda ke magana a kai tun kafin mu rubuta shi.

Akwai dalilin da ya sa kowa ke son irin wannan aiki. Mai ba da tallafi yana samun adadi da zai kai wa majalisar ƙasarsa. Gwamna yana samun ranar ƙaddamarwa. Ma'aikaci yana samun alawus ɗin da ya fi albashinsa tabbas. Babu laifi a cikin wannan ko kaɗan, kuma dubban yara suna raye saboda shi.

Daren naƙuda

Ga inda gizo ke saƙar. Kimanin mace 15 cikin 100 masu ciki za su haɗu da matsalar da ke buƙatar ƙwararre, kuma mafi yawan lokaci ba a iya sanin wace ce tun daga ɗakin awo. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Jijjiga, da doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan haihuwa cikin ƙazanta, kowannensu yana da nasa sa'o'in. Jaririn da aka haifa bai yi kuka ba kuwa, mintuna ne. Shi ya sa mutuwar uwa da ta jariri suke tafiya tare, domin a ɗaki ɗaya kuma a dare ɗaya ake rasa su.

Tun tsakanin 1976 da 1979 Kelsey Harrison ya bi haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, ya tarar mafi yawan matan da suka rasu waɗanda aka kawo ne afujajan ba su taɓa zuwa awo ba. Mutane da dama sun fahimci sakamakon a matsayin cewa awo ne ke ceto. Awo yana da amfani: a auna jini, a ba da ƙwayar ƙarin jini da ta zazzaɓi, a yi allurar sarƙe-haƙora, a gano hawan jini da wuri. Amma babban abin da ya raba mai awo da marar awo shi ne, mai awo ta iso asibiti da sauran ƙarfinta, ɗayar kuwa sai da komai ya lalace. Awo yana da rana, shi ya sa ya karɓu. Mace ta nemi izini tun jiya, ta bi 'yan'uwanta mata da safe, ta dawo kafin azahar. Haihuwa ba haka take ba.

Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun kasa abin da ke faruwa zuwa jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Mu dube su kamar yadda suke faruwa a ƙauyukanmu. Yarinya mai cikin fari ta je goyon ciki gidan iyayenta. Naƙuda ta taso bayan isha, ta yi shiru, domin kunya ta hana ta faɗa, kuma an koya mata cewa raki abin gori ne. Ta haihu a durƙushe, sannan a aika a kira ungozoma. Wannan wuri ne da shirye-shirye da yawa suka yi tuntuɓe: an yi shekaru ana horar da ungozomar gargajiya kamar ita ke karɓar haihuwa, alhali a yawancin ƙasar Hausa aikinta yanke cibi ne, da binne mabiyiya, da wankan jariri da na mai jego. Wani nazari kan binciken 2008 ya gano haihuwa ɗaya cikin biyar a Najeriya ana yin ta ne ba kowa a wurin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan a Arewa ne.

To, mabiyiya ta ƙi fita, jini na zuba. A ba ta rubutu, a ba ta jiƙo, a ce a ɗan ƙara haƙuri. Mijin yana Legas ko yana ci-rani, kuma babu wanda ke son a ce shi ya fitar da matar wani. Kafin a same shi a waya, a tashi mai mota, a daidaita kuɗin mai, dare ya raba. Idan yankin na fama da 'yan bindiga, direban zai ce sai gari ya waye. An isa ƙaramin asibitin mazaɓa, a tarar da shi a kulle, ko kuma mai gadi kaɗai. An wuce babban asibiti, a ce jini leda biyu ake nema, a kawo masu bayarwa, a biya kuɗin gwaji, a sayo safar hannu da ruwan ƙari a kemis, a sa mai a janareto idan za a shiga tiyata. Wadda ta tsira da ranta daga doguwar naƙuda, sau da yawa ita ce za a gani bayan watanni a Babbar Ruga ta Katsina, ko cibiyar Laure ta Kano, ko asibitin Jahun, ana yi mata gyaran yoyon fitsari.

Mun fi son yin magana kan jinkiri na farko, saboda laifin na al'ada ne da na miji. Amma na ukun shi ke haifar da na farkon. Magidancin da ya taɓa kai matarsa ya dawo da gawa da bashi, ko matar da aka taɓa zagi a kan gadon haihuwa, ba wa'azin rediyo ne zai mayar da su ba.

Haihuwa kyauta da ungozomomin gwamnati

Amsar farko da gwamnatoci suka bayar ita ce cire kuɗi. Kano ta ayyana haihuwa kyauta tun 2001, wasu jihohi suka biyo baya. Nijar ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, sannan na awon ciki a 2006. Mata sun ƙaru a asibitoci, babu shakka. Sai dai tsarin Nijar shi ne asibiti ya yi aiki ya aika takardar neman biya, gwamnati ta mayar masa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, tare da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde, sun nuna yadda biyan ya riƙa makara watanni har shekaru, bashin ya kai biliyoyin sefa, ɗakunan ajiyar magani suka bushe. Kyautar na nan a takarda, amma majinyaci takardar sayen magani ake miƙa masa. Duk wanda ya san asibitocin gwamnati a ɓangaren Najeriya ya san jerin kayan haihuwa da ake rubuta wa mai ciki tun a wata na bakwai.

Amsa ta biyu ita ce kai ƙwararru karkara. A ƙarshen 2009 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin ungozomomi da kuɗin da aka samu daga yafe wa Najeriya bashi. An tura ungozomomi 2,488 zuwa ƙananan asibitoci 652, kusan huɗu a kowane wuri don a yi aiki dare da rana, an kuma haɗa kowane ƙananan asibitoci huɗu da babban asibiti guda. Tsarin a takarda ba shi da makusa. Gwamnatin tarayya za ta biya kowace ungozoma naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da wurin kwana. Da Edward Okeke da abokan aikinsa suka auna shirin bayan wasu shekaru, sai suka ga zuwa awo ya ƙaru da kimanin maki 7 a shekarar farko, amma ba su ga wani tabbataccen ƙari a haihuwa hannun ƙwararru ba, balle raguwar mutuwa. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su biya kasonsu ba, ɗakin kwana babu, wuta da ruwa babu. Da dama cikin ungozomomin an kawo su ne daga nesa, ba su jin Hausa sosai, suka tattara suka koma. Shirin SURE-P da ya biyo baya a 2012 ya ƙara da bai wa mace har naira 5,000 idan ta kammala awo ta haihu a asibiti, shi ma aka rufe shi a 2015 da gwamnati ta sauya.

A lura da abin da ya faru: shirin ungozomomin da aka tsara don daren naƙuda, ribarsa ta fito ne a ranar awo.

Akwai waɗanda suka fuskanci daren kai tsaye, kuma yawancinsu masu arha ne. A Jigawa da Katsina da Yobe da Zamfara an horar da direbobin ƙungiyar sufuri ta ƙasa su riƙa ɗaukar mai naƙuda kowane lokaci, ladansu shi ne a ba su lodi a tasha ba tare da bin layi ba. An kafa asusun gaggawa na unguwa, an yi jerin matasa masu ba da jini, an kuma roƙi magidanta su bayar da izini tun ciki yana ƙarami, ta yadda ba sai an neme su ba. Jigawa ta raba wa ƙauyuka motoci ƙarƙashin shirinta na Haihuwa Lafiya. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta masu mutunci ke zama su tattauna, su kuma ja hankalin sauran. Duk waɗannan suna rage jinkiri na ɗaya da na biyu. Amfaninsu yana ƙarewa ne a ƙofar asibiti.

Cikin ɗakin haihuwa

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne, idan aka gyara cikin ɗakin, sakamako ba ya jinkiri, kuma hujjojin daga gida suke. A 2008 aka shigar da allurar maganeziyam salfet a manyan asibitoci goma na jihar Kano a madadin tsohon maganin da ake kwantar da mai jijjiga da shi. Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun ruwaito cewa mutuwar masu jijjiga ta sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa 2.3. Maganin ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Horo aka yi, aka rubuta ƙa'ida mai sauƙi, aka tabbatar yana cikin kabad.

Na baya-bayan nan shi ne gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. An yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Matsalar da aka gano ita ce ido yana yaudarar ungozoma. Jinin da ya jiƙe zane ya gangara ƙasa, sai a ƙiyasta shi ƙasa da yadda yake, har sai mace ta fara ganin jiri. Sai aka kawo wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, mai aljihu kamar mazurari a ƙasanta, an zana layukan awo a jiki. Jini na taruwa ana kallo. Da ya kai layin mililita 500, ko ƙasa da haka idan bugun zuciya ya sauya, ba a jiran likita. A take ake murza mahaifa, a yi allurar oksitosin, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko an ƙaru, duk a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun sauko daga kashi 4.3 cikin 100 zuwa 1.6, raguwar kashi 60.

Ga matan da za su haihu a gida ko da me aka yi, jihar Sakkwato ta gwada wani abu daga 2013. Ta sayi ƙwayar misofrostol, wadda mace ke shan guda uku da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke, da man shafa wa cibiya don kada ta ruɓe, ta ajiye su hannun amintattun mutane a cikin unguwa. Wasu likitoci sun yi ƙorafin cewa hakan zai ƙara zaunar da mata a gida. Ban yarda da su ba. Inda mace 84 cikin 100 ke haihuwa a ɗaki, hana su ƙwayar ba zai kawo su asibiti ba. Sai dai ƙwaya ba ta fitar da ɗan da ya zo a gicciye, ba ta kuma mayar da jinin da ya riga ya zuba.

Inda ya kamata kuɗi su nufa

Ɗakin haihuwa kamar ofishin 'yan kwana-kwana yake: zaman jira ake biya, ko an yi gobara ko ba a yi ba. Wannan ne kasafin kuɗinmu bai saba da shi ba, domin albashin mai kwanan aiki da man janareto da firijin jini ba su da ranar yanke ƙyalle. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafi a 2018, kuma wani kaso yana shiga asusun ƙananan asibitoci kai tsaye. Ci gaba ne na gaske. Damuwata ita ce manufar asibiti ɗaya a kowace mazaɓa tana watsa ɗan abin da ake da shi, a wayi gari da gine-gine dubbai masu fenti, ba ko ɗaya da zai karɓi mai zubar jini ƙarfe biyun dare.

Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne, kowane mutum 500,000 su sami cibiyoyi biyar masu iya agajin gaggawa na haihuwa, aƙalla ɗaya a ciki tana tiyata da ƙarin jini. Wannan abu ne da jiha za ta iya cimmawa cikin wa'adin gwamna guda, idan ta yarda ta zaɓi 'yan wurare ta cika su, ta bar sauran su yi awo da rigakafi da turawa gaba. Ya kamata kuma rahoton kwamishina ya daina tsayawa kan yawan matan da suka zo awo. A gaya mana dare nawa cikin wata aka sami ungozoma a bakin aiki, leda nawa ta jini ke cikin firiji, minti nawa aka ɗauka daga isowar mace zuwa shiga tiyata. A binciken 2018 tiyatar haihuwa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba a duk ƙasar, kuma a karkarar Arewa ƙasa take da haka nesa, wanda ke nufin masu buƙatarta ba sa samu.

Batun ma'aikata kuwa, darasin shirin ungozomomi na 2009 a fili yake. Ungozomar da za ta zauna ita ce 'yar garin. Wani shiri da Birtaniya ta tallafa tsakanin 2012 da 2020 ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har Borno, ya ba su shekarar sharar fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantun ungozoma da na jinya, da alkawarin za su koma gida su yi aiki. Garin ne ke zaɓo yarinyar, miji ko uba ya amince, an kuma tanadi wurin renon yara a makarantun. Ya rage ga jihohi su ɗauke su aiki idan sun gama, domin horar da ungozoma a bar ta tana aikin sa-kai shekara da shekaru asarar kuɗi ce.

A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi, cikin wani shiri da ya sa ƙananan hukumomi 172 a gaba, waɗanda aka ce su ke da fiye da rabin mutuwar mata wajen haihuwa. Wannan karon an nufi daren da kansa, kuma ya zo gab da lokacin da tallafin Amurka ya ja baya a 2025. Tsarin biyan ya yi kama da na Nijar: asibiti ya yi aiki, hukumar inshorar lafiya ta biya daga baya. Don haka abin da nake roƙon masu bincike a cikinmu su sa wa ido shi ne kwana nawa takardar neman biya ke yi kafin kuɗi su shiga asusun asibiti. Idan ta fara kai wata shida, shugaban asibitin ba shi da zaɓi, zai koma rubuta wa miji takarda ya tafi kemis.